Daga Dafi Zuwa Guba: Tarihin Farauta da Cin Naman Daji a Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa

Akwai kalmomi biyu a Hausa waɗanda yau ake yawan gwama su, alhali kuwa a bakin magabata kowace da inda ta fi zama. Kalmomin su ne dafi da guba. Dafi galibi shi ne abin da ke shiga jiki ta kafar rauni, kamar na maciji ko na kunama, ko wanda ake shafa wa kibiya. Guba kuwa ta baki take bi, a cikin abinci ko abin sha. Wanda ya lura da wannan bambanci zai ga cewa tarihin farauta a ƙasar Zazzau, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, tafiya ce daga kalmar farko zuwa ta biyu.

A zamanin da, maharbi da dafi yake kisa, amma jama'a su ci naman su kwana lafiya. A wannan zamani an kusa daina dafa dafin kibiya, amma haɗarin da ke cikin naman daji ya sake kamanni, har ya kai gwamnatin Nijeriya ta yi ta jan kunnen jama'a a kansa, kamar yadda ta yi a 2014 da 2022 da 2023. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hakan ya faru a Birnin Zariya da kewayensa. Za a duba irin shingayen da al'ada da shari'a suka kafa tsakanin daji da tukunya, sa'an nan a duba abin da ya raunana su.

2.0 Birni da Dawansa

Birnin Zariya yana zaune ne tsakanin kogin Kubanni ta arewa da rafin Saye ta kudu, ga Galma ta gabas, ga kuma dutsen Kufena ta yamma. Ganuwar da ta kewaye shi ta kusa mil goma, kuma ba gidaje kaɗai ta rufe ba. Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, da ya ratsa birnin a 1826, ya tarar da gonaki da fadamu a cikinta.

Wanda ya fita ta Ƙofar Doka, ko Ƙofar Gayan, ko Kuyambana, ko Ƙofar Kona, zai fara ratsa karkara, watau gonakin da ake nomawa kowace shekara. Daga nan sai saura, daga saura sai dawa. Dawan Zazzau na doka ne da maje da kaɗanya da ɗorawa, ga kurmi yana bin bakin rafuka. A cikinsa ne gada da mazo da mariya da kanki da gwanki da ɓauna suke kiwo, tare da gadu da beguwa da zabin daji, manyan masu farce kuma suna biye da su. Yaƙe-yaƙe da hare-haren bayi na ƙarni na 19 sun sa mutane sun takure a garuruwa masu ganuwa, aka bar wa namun daji sarari mai yawa a tsakani. Saboda haka a wancan zamani maharbi ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya isa inda nama yake, kuma abin da ya kashe yakan shiga tukunya a ranar ko washegari.

Duk da haka naman daji bai taɓa zama cimar yau da kullum ta mutanen birni ba. Bazazzagi da naman sa da na akuya da na rago ya saba. Na daji abin marmari ne, ko abin kyauta ga manya, ko kuwa abin haɗa magani, kamar kitsen damo da na mesa waɗanda 'yan magori ke yawo da su a kasuwanni.

3.0 Harbi da Farauta

Bahaushe ya bambanta harbi da farauta. Harbi sana'a ce, kuma galibi ta gado. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Lardin Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna yadda mutanen ƙasar suke raba masu sana'a gida biyu: karda, watau waɗanda suka gada, da shigege, waɗanda suka shigo daga baya. Maharbin gado shi kaɗai yake shiga dawa, ko shi da ɗansa, da kwari da baka, da warki da layu. Yakan ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe har ya kusanci garke. Ya san sawu da makwanci da mashaya, ya kuma san dabba mai lafiya da mai ciwo tun daga tafiyarta. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, a wasu wurare a ce Sarkin Dawa, kiɗansu kuwa na komo ne.

Farauta ita kuma gayya ce ta rani. In kaka ta wuce, an kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe, sai a buɗe daji, a yi shela, samarin unguwanni da na ƙauyuka su taru a bayan gari da asuba, da karnuka da gora da adda da barandami, makaɗa suna zuga su. Akan sa wa ciyawa wuta, abin da ya fito a bi shi da jifa. Abin da aka fi samu zomo ne da makwarwa da zabo da gada. 'Yan tauri ba su rasa wannan fage, kuma faɗa a kan wanda ya fara bugun nama sanannen abu ne, domin shi Bahaushe cewa ya yi kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga lafiyar mai ci. Naman maharbi ya biyo ta hannun gwani wanda sunansa da na gidansu ke rataye da abin da ya sayar. Naman farauta kuwa ya biyo ta hannun kowa, ta bakin kare, ta cikin ƙura da toka. Abin da ya tsare shi a da shi ne ba ya daɗewa, kuma gida ake kai shi a dafa, ba kasuwa ba.

4.0 Shingayen Da

4.1 Sanin Dafi

Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a wani littafi da aka buga a 1916. A ciki akwai kwankwani, tsiro mai yaɗo wanda 'ya'yansa ne ginshiƙin dafin kibiya a ƙasar Hausa, da kuma tinya mai farin ruwa, wadda akan gauraya da shi. Wasu sukan ƙara da kan maciji. Ƙarfin wannan dafi ba abin wasa ba ne, domin shi ya kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Ingila, a yaƙin Burmi a 1903.

To, me ya sa abin da ke kayar da gwanki ba ya kayar da wanda ya ci gwankin? Amsar ta bayyana ne bayan da wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya tace sinadarin da ke cikin ɗan'uwan wannan tsiro na gabashin Afirka, har aka fara amfani da shi a matsayin maganin ciwon zuciya wajen 1885. Sinadarin zuciya yake kamawa. In ya shiga jini kai tsaye yakan tsayar da ita cikin ɗan lokaci, amma in ta baki ya bi, kaɗan ne ƙwarai hanji ke iya tsotsewa. Dafin maciji shi ma wuta da ruwan ciki suna lalata shi. Ban da haka, abin da ke kan tsinin kibiya ɗan kaɗan ne in aka kwatanta shi da girman jikin dabbar, kuma mafi yawansa yana nan kusa da raunin. Maharba sun gane wannan tun da daɗewa ta hanyar gogewa. Shi ya sa ƙa'idarsu ita ce da zarar nama ya faɗi a zare kibiya, a yanke tsokar da ke kewaye da inda ta shiga, a yar.

4.2 Hukuncin Shari'a

Zariya gari ne na malamai, kuma a zaurukan unguwannin Kona da Juma an daɗe ana karanta littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil. Babin yanka da farauta yana cikin abin da kowane ɗalibi ke bi ta kansa.

Tushen hukuncin yana cikin aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, inda aka haramta mushe da jini da naman alade, aka kuma haɗa da dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa, ko duka, ko faɗowa, ko tunkuyi, ko wadda naman daji ya ci, sai fa in an riske ta da rai an yanka. A kan wannan malamai suka gina sharuɗɗan farauta. Dole maharbi ya ambaci sunan Allah sa'ad da zai saki kibiya ko kare. Dole karen ya zama horarre, kuma mai shi ne ya aike shi. In an tarar da dabba da sauran rai, sai an yanka ta. Zomon da gora ta kashe kafin a kai masa wuƙa mushe ne. Risala ta kuma kawo cewa naman da aka harba ya ɓace wa maharbi har ya kwana, ba a ci. Farauta don wasa kawai, ba don bukata ba, makaruhi ce.

An ɗora waɗannan hukunce-hukunce ne don bin umurnin Allah, amma mai duban su da idon likita zai ga kowanne ya toshe wata kafa. Yanka yana fitar da jini, wanda ƙwayoyin cuta suka fi saurin yaɗuwa a cikinsa. Hana abin da ya kwana ya kawar da gawar da kayan cikinta suka fara ruɓa. Haramcin alade ya haɗa da gadu, kuma a Kenya da Senegal likitoci sun tabbatar da cewa naman aladun daji da bai dahu ba yana ɗauke da wata 'yar tsutsa mai shiga tsokar mutum. Haramcin mushe kuwa shi ne babbar garkuwa daga ciwon saifa, wanda ke kashe dabbar gida da ta daji farat ɗaya, ya kuma kama wanda ya feɗe ta ko ya ci ta.

4.3 Idon Kasuwa

Shinge na uku shi ne tsarin sarauta. Sarkin Pawa tsohuwar sarauta ce a Zazzau, tana cikin jerin sarautun Haɓe da Malam Hassan da Malam Shu'aibu suka bayyana a littafinsu na tarihin Sarki Makau da zuriyarsa, wanda aka buga a Zariya a 1952, kuma sarakunan Fulani sun ci gaba da ita. Shi ke da alhakin duk naman da aka kasa a kasuwa. Mahaucin da ya sayar da abin da ya cuci mutane, an san shi, an san ubangidansa, kuma akwai inda za a kai ƙararsa.

In aka haɗa waɗannan shingaye za a ga cewa mai sayen naman daji a tsohon birni yana iya samun amsar tambayoyi uku: wa ya kashe, da me ya kashe, yaushe ya kashe. Wannan ba ya nufin ba a taɓa yin ciwon ciki ko mutuwa saboda nama ba. Sau da yawa in hakan ta faru akan danganta ta da sammu ko iskokin dawa, kamar yadda sunan harbin daji, wanda makiyaya ke kiran wata cutar shanu da shi, yake nunawa. Amma dai hanyar da nama ke bi gajeriya ce, kuma a fili take.

5.0 Zuwan Turawa da Janyewar Daji

Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Da hare-hare suka ƙare sai mutane suka bazu, suka yi ta saran sababbin gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari da Tudun Wada, noman auduga ya bunƙasa, aka kuma buɗe gonar gwaji ta Samaru a 1922. A 1937 aka fara aikin Anchau a gabashin lardin, a ƙarƙashin Dokta T. A. M. Nash, domin yaƙi da ciwon barci. An sare kurmi a bakin rafuka na ɗaruruwan mil don a kori ƙudan tsando, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Aikin ya ceci rayuka, amma kurmin da aka sare shi ne mafakar mazo da gada.

Ta fuskar doka, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kare namun daji a 1916. Yarjejeniyar da ƙasashe masu mulkin Afirka suka ƙulla a Landan a 1933 ta nemi a hana kewaye dabbobi da wuta, da farauta da fitila mai kashe ido, da amfani da guba ko makami mai dafi. An keɓe dajin Kamuku na Birnin Gwari a 1936, da Yankari a 1956. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, gwamnatin soja kuma ta ƙara da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985.

Abin lura a nan shi ne dukan waɗannan dokoki dabbar suke karewa, ba su ce kome a kan lafiyar mai cin ta ba. Haka kuma sashen kula da lafiyar dabbobi, wanda aka fara kafawa a Zariya wajen 1913 kafin a mai da shi Vom a 1924, shanu ne damuwarsa, domin daga gare su jangali ke fitowa. Duba-gari na En'e, da likitocin dabbobi waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara horarwa a 1964, naman kwata suke dubawa. Naman daji ba ya bi ta kwata. Da doka ta mai da wani sashe na sana'ar laifi, sai cinikin ya koma ɓoye, ya fita daga idon Sarkin Baka bai shiga idon likita ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya karɓe sauran ikon En'e, ya ƙara rage ƙarfin sarakunan sana'a.

6.0 Haɗuran Wannan Zamani

6.1 Nisa da Ruɓa

Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, da yawan jama'a, da saran itace don girki da gawayi, sun ƙarasa abin da ya rage na dawan da ke kusa da birni. Mafarauta suka koma shiga manyan motoci da karnukansu, su yi kwanaki ko makonni a dazuzzuka masu nisa. Dajin Birnin Gwari ma, tun wajen shekarun 2010, 'yan bindiga suka hana shigarsa cikin kwanciyar hankali. Kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 'yan Jihar Kano a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komowa gida daga Fatakwal, ya nuna wa duniya irin nisan da masu wannan sana'a daga Arewa suke yi a yau.

Nisa kuwa abokin ruɓa ne. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yakan haura digiri 35, kuma a irin wannan zafi wasu ƙwayoyin cuta sukan ninka yawansu cikin minti 20. In harsashi ko haƙorin kare ya fasa hanji, ƙazantar ciki takan bi tsoka, da ƙwayoyi irin su salmonela, waɗanda damo da guza da tsuntsaye suke yawan ɗauke da su. Maganin da aka sani shi ne banda. Amma bandar gaggawa a daji waje take ƙonawa, ciki ya zauna ɗanye da ɗumi. Wasu ƙwayoyin kuma sukan zubar da gubarsu a cikin naman tun kafin ya iso, irin wadda ko an sake tafasawa ba ta mutuwa. Sakamakon shi ne amai da gudawa da zazzaɓi, waɗanda kan yi wa yaro ko tsoho mummunar illa.

6.2 Maganin Ƙwari da Dalma

A nan ne guba ta maye gurbin dafi. Masunta na da suna daka majimfa su zuba a ruwa kifi ya bugu, mutane su ci ba abin da ya same su. Daga shekarun 1950 aka shigo da maganin ƙwari mai suna Gammalin 20 saboda gonakin koko na Yamma, ya bazu har Arewa da sunan gamalin. Ba a daɗe ba wasu suka gane yana kashe kifi, daga nan aka kai shi mashayar dabbobi. Bayansa wasu magungunan feshi suka biyo, waɗanda akan jiƙa hatsi da su a watsa wa zabi da makwarwa. An sanya sinadarin gamalin a jerin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina a 2009, amma ire-irensa ba su bar kasuwa ba.

Wannan kishiyar kwankwani ce ta kowace fuska. Ta baki dabbar ta sha, saboda haka gubar ta game jikinta, musamman kayan ciki da kitse, babu wani rauni da za a yanke a yar. Hanjin mutum yana tsotse ta sarai, kuma ba a dogara da wuta ta kawar da ita. Wanda ya ci da yawa yakan kama amai da dalalar miyau da jijjiga, numfashi ya gagara. A shari'a irin wannan dabba mushe ce ba shakka, amma in an ƙyafe ta ta yi baƙi, ba mai iya rarrabe ta da yankakkiya.

Bindiga ita ma ta zo da tata. Bindigar toka da ta zamani sukan watsa ƙwayoyin dalma, waɗanda ke farfashewa su shige tsoka nesa da raunin, miya mai tsami kuma tana ƙara narkar da su. Mutanen Arewa sun ga abin da dalma ke yi wa yara a Zamfara a 2010, inda fiye da 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, kuma ta fi ta nama yawa nesa ba kusa ba, amma likitoci sun haɗu a kan cewa ko kaɗan ɗinta yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro da ɗan tayi.

6.3 Ƙananan Dabbobi da Annoba

Da manyan namun daji suka ƙare, abin da ya saura a kewayen Zariya shi ne zomo da kurege da gafiya da gyazbi da bushiya, kuma yara da samari su ne masu haƙar ramukansu. Wannan canji ya kusantar da mutane ga dangin ɓera, waɗanda suka fi kowace dabba ɗaukar wasu cututtuka.

A 1969 wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Borno, ta rasu a Jos. Daga nan cutar ta sami suna. Binciken da aka yi a Saliyo a 1972 ya gano cewa wani ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke zama a gonaki da rumbuna, shi ne matattararta. Babbar hanyar kamuwa ita ce abincin da fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa, amma wani bincike a ƙasar Gini a 1996 ya nuna farautar ɓeraye da cin su suna ƙara haɗarin. Bazazzagin birni ba ya cin ɓeran gida, sai dai mai haƙar rami ba ya zaɓen abin da hannunsa zai taɓa, kuma wutar daji ɓeraye take korowa cikin gari. Cutar ta fi tashi daga Disamba zuwa Afrilu, watau daidai lokacin farauta. Mafi yawan masu kamuwa ba su jigata, amma a cikin waɗanda ta kwantar a asibiti kimanin 15 bisa 100 sukan rasu, wasu kuma su tashi da kurumta.

Ƙyandar biri ma, duk da sunanta, an fi zargin dangin kurege da gafiya da ɗaukarta. Ɓarkewar da ta yi a Amurka a 2003 an bi sawunta har zuwa ga irin waɗannan dabbobi da aka kai daga Gana. Ta sake bayyana a Nijeriya a Bayelsa a 2017, kuma saboda ita Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta ba da sanarwar hana ciniki da cin naman daji a 2022. A 2014 cutar Ebola ta durƙusar da kasuwar wannan nama na ɗan lokaci, ko da yake ita ta jirgin sama ta shigo Legas, a jikin mutum. A Yuni 2023 ma'aikatar ta sake gargaɗi a kan ganda da banda da naman daji saboda ɓullar ciwon saifa a arewacin Gana, kuma a watan Yuli cibiyar Vom ta tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja, garin da zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa a 1828.

Game da waɗannan cututtuka, wuta tana kashe mafi yawan ƙwayoyinsu in nama ya dahu har ciki. Haɗarin ya fi yawa kafin a kai ga tukunya, wajen ɗauka da fiɗa da wankin kayan ciki, sa'ad da jini ke taɓa hannu mai rauni. Watau mafarauci da matar da ke gyaran naman su ne a bakin gaba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda mutanen Birnin Zariya suka daɗe suna cin naman da aka kashe da dafi ba tare da ya zame musu annoba ba, saboda sanin maharba, da hukuncin malamai, da idon Sarkin Pawa, da kuma kusancin daji. An ga kuma yadda noma da jirgi da doka da fari suka tura daji nesa, suka tsawaita hanyar nama, suka fitar da shi daga hannun waɗanda ake iya tuhuma. Ƙa'idojin da ba su tashi aiki ba. Barin mushe, da barin abin da ya kwana, da gaggauta fitar da kayan ciki, da yanke gefen rauni, duk suna nan da amfaninsu. Abin da ya faru shi ne an yi su ne don haɗarin da ido ke gani, hanci ke ji, na yanzu kuwa ba shi da wari ba shi da launi.

Har yanzu akwai Sarakunan Baka da na Pawa a ƙasar Zazzau, akwai malamai a zaurukan birni, akwai kuma likitocin dabbobi a Samaru da na mutane a Shika, mil kaɗan tsakaninsu. Abin da tarihi ya raba shi ne aikinsu, kowa ya kama gefensa, naman daji ya faɗa a tsakani. Kafin a sake haɗa su, tambayoyin nan uku na tsohuwar kasuwa su ne abin da ya rage a hannun mai saye: wa ya kashe, da me, kuma yaushe. Naman da mai sayar da shi ya kasa amsa su, barinsa ya fi, domin rigakafi ya fi magani.